Marka da kajin silki

Laraba, tsakiyar Agusta, Damagaram

Tun da hantsi aka san yau akwai ruwa. Iska ta tsaya cak, zufa na tsiyaya ko mutum na zaune a inuwa, gabas kuma ta fara duhu kafin azahar. Yara suka hau jera robobi da bokitai ƙarƙashin indararo, Malam ya gyara bakin duro. A garin nan ba a kuka da ruwan sama. Duk wanda ya san wahalar ruwan Damagaram a watan Afrilu da Mayu, ya ga layin jarkoki a bakin famfo tun kafin asuba, ba zai ga hadari ya ɓata rai ba. Ruwan da muke samu a shekara duka bai wuce milimita 400 da ɗan ɗoriya ba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba. Ni ma farin ciki nake, amma da na ga hadari, hankalina wurin kajina yake fara zuwa.

Ba kajin gida nake nufi ba, waɗannan sun san kan damina. Ina nufin silki, fararen nan masu gashi lallausa da tukku a ka, waɗanda na saya wurin wani mai kawo tsuntsaye daga Kano. Asalinsu daga ƙasar Sin ne. Yatsunsu biyar, maimakon huɗu na sauran kaji, fatarsu da ƙashinsu baƙi ne, kunnensu shuɗi, ƙafafunsu ma gashi ne har kan yatsa. Duk baƙuwar da ta shigo gidan nan sai ta tsaya ta tambaya ko zomo ne. Suna da sanyin hali, jikata tana ɗaukar su ta rungume ba sa ko fisga. Sai dai gashin nan da ke jawo musu farin jini shi ne rauninsu idan ruwa ya sauko.

Da safen nan na nuna wa autana dalili, don shi nake bar wa gida in na fita. Na tsinci gashin fiffiken wata jar kazarmu, na ce ya tsaga shi da yatsa. Ya tsaga. Na ce to ya shafa shi daga gindi zuwa baki. Yana shafawa sai ya koma ya haɗe kamar ba a taɓa shi ba. Kowane zare a gashin kaza yana da ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, su ne ke kama na kusa da shi, gashin ya zama shafi guda. Kaza kuma tana lakato mai daga wani ƙullutu da ke saman jelarta ta shafe jikinta da shi. Na ɗiga masa ruwa a kai, ruwan ya dunƙule ya gangare. Sannan na ba shi gashin silki. Babu ƙugiyoyin nan, kowane zare zaman kansa yake. Da ruwa ya taɓa shi sai ya lafe, ya manne a yatsansa. Yaron ya yi shiru yana kallo, ya ce, “Inna, ashe su ba su da riga.” Haka ne. Ruwa kai tsaye yake isa fatarsu. Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne, ita silki kuwa ƙarama ce, da wuya ta wuce kilo guda sosai, in ta jiƙe iska ta buge ta, zafin nan ba ya daɗewa yake tsiyayewa.

Bayan azahar ƙura ta taso ja wur daga gabas, yadda ta saba zuwa gaban ruwa. A nan ake ganin bambanci. Kajin gida suka watse da kansu, wasu ƙarƙashin rumfa, wasu suka yi fir suka haye katakon da ke zaure. Silki ba sa iya tashi, gashinsu ba ya riƙe iska. Ga tukkun ya rufe musu rabin ido, ba sa ganin abin da ke tafe da wuri. Suna nan tsakar gida suna tsattsagar ƙasa. Ba na jiran ɗigon farko. Na kaɗa kwanon tsaki, suka biyo ni har cikin akurki, na ƙirga su, na saki buhun da ke bakin ƙofar. Na koya musu amsa wannan kwanon tun suna ƙanana saboda irin wannan rana, domin kora kaza cikin guguwa tarwatsa ta kawai yake yi.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wuta ta ɗauke. Tsakar gida ta cika kafin rariya ta fara janyewa, sai da Malam ya fita da sanda ya zaƙulo ledojin da suka toshe ta.

Muna cikin haka aka buga ƙofa da ƙarfi. Ƴar maƙwabciyarmu ce, jiƙe sharkaf, ta ƙudundune wani abu cikin zanen uwarta. Sagarar silkin da na sayar musu ce bayan sallar layya.

“Inna, Mama ta ce ki duba mana, wai ko ta mutu.”

“Shigo, ƴata, kawo ta nan. Ke ma je ki canza kaya, ki sa na yayarki.”

Da na buɗe zanen gabana ya faɗi. Kazar da ake gani ƙatuwa ta koma ɗan abu a tafin hannu, baƙar fatarta duk a waje, tukkun ya manne a kan idanu, wuya ya langaɓe, ƙafafu sanyi ƙalau. Amma da na kara yatsa a ƙirjinta na ji zuciya na bugawa, kuma bakinta na ɗan buɗewa. Yarinyar ta ce a bayan tulu suka same ta, inda ruwan indararo ke zuba. Kazar ta ga lungu ta shige, ba ta san nan ne mazubar ruwan ba.

Na ɗauko tsohon tawul na dinga danna shi a jikinta, ba gogewa ba, don gogewa na tsinka gashin kuma fatar ba ta da kauri. Na fi daɗewa a ƙarƙashin fiffike da ƙirji da tsakanin cinyoyi, nan ne ruwa ke maƙalewa. Tawul ya jiƙe, na canza da ɗankwali. Na ɗaga tukkun daga idanunta na share hancin. Da akwai wuta da na kunna na'urar busar da gashi a mafi ƙarancin zafinta, daga nesa. Tun da babu, na sa autana ya ɗora ruwa a murhu, muka zuba mai ɗumi a gorar roba, muka naɗe ta da tsumma, na kwantar da kazar a kwali ta jingina da gorar. Kaskon garwashi na ajiye shi can gefe, na bar ƙofar ɗaki a ɗan buɗe. Wannan ba na wasa da shi. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba, balle tsuntsu. Kuma kazar da sanyi ya kama ba ta da ƙarfin matsawa in wuta ta yi mata yawa, sai ta ƙone tana kwance.

Yarinyar ta dawo tana cewa a ɗura mata ruwan magani. Na ce a'a. Kazar da ba ta iya ɗaga kai ba a ɗura mata komai, ruwan hanyar numfashi zai bi ya shaƙe ta. Muka zauna muna jira, ina juya ta lokaci lokaci, ina hura gashin da yatsa don iska ta shiga. Can sai ta fara rawar jiki, abin da na ji daɗin gani ke nan, domin jikin ya fara yaƙi da sanyin. Gashin ƙirji ya soma tashi. Wajen la'asar sakaliya ta buɗe ido ta tattara ƙafafunta ƙarƙashinta. Sai a lokacin na jiƙa sukari kaɗan a ruwa mai ɗumi, na tsoma bakinta kawai, ta ɗaga kai ta haɗiye da kanta. Yarinyar ta fashe da kuka, ta ce tun da aka kawo kazar ita ke ba ta abinci. Alhamdu lillahi. Na ce a nan za ta kwana, ba za ta koma waje ba sai gashin ya bushe har gindinsa, don sau da yawa sama ya bushe, ƙasa kuwa da sauran laima.

Da ruwa ya ɗauke na shiga wurin nawa. A ganina nan ne babban aikin yake, kuma shi mutane suka fi sakaci da shi. Jiƙewa abu ne da ake gani, kowa zai ruga ya ɗauki kazar. Danshin da ruwa ke bari kuwa a hankali yake cin kaji. Akurkina na ɗora shi kan bulo jeri biyu, na cika cikin da yashi, sannan na shimfiɗa garin katako. Ƙofarsa yamma take kallo, tun da ruwanmu daga gabas yake bugowa. Rufin kwano ne, ya zarce bango da kamu biyu. Can sama ƙarƙashin rufin na bar tazara da waya, ba na toshe ta ko ana ruwa. Masu naɗe akurki da leda ruf suna ganin gata suke yi wa kaji, alhali numfashinsu da kashinsu ne ke taruwa ciki, warin nan mai yaji ya kama musu ido da maƙogwaro, gobe a ji suna minshari. Na damƙi shimfiɗar a kusurwar gabas, ta dunƙule a hannuna, alamar feshi ya shiga. Na kwashe wurin da shebur na zuba busasshe.

Abin da nake tsoro a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa shi ne cutar kashin jini. Ƙwayarta na fita cikin kashin kaza, in ta samu laima da ɗumi, cikin kwana ɗaya ko biyu ta nuna, wata kazar ta tsince ta a abinci. Ƴan tsaki masu mako uku zuwa shida ta fi kayarwa. Za a ga sun takure, fiffike a sake, kashi da jini. Akwai maganinta da ake sawa a ruwan sha, amprolium, ana samu wurin masu maganin dabbobi, amma gara a tambayi likitan dabbobi ma'auni da a yi ta kai. Busasshiyar ƙasa ta fi maganin araha.

Abinci ma haka. Dusar da aka dama da safe, in ta kai yamma a wannan yanayi ta yi tsami. Yanzu kaɗan kaɗan nake ba su, abin da za su cinye nan take, in wanke kwanon. Buhun gero da na dusa suna kan katako a ɗaki, ba sa taɓa ƙasa ko bango, domin hatsin da ya yi fumfuna guba ne ga hantar kaza. Ban sake su ba da yamman nan ko da rana ta ɗan leƙo. Taɓo na kama gashin ƙafarsu ya dunƙule a yatsu ya bushe, kuma duk kududdufin da suka gani sai sun sha. Na sa musu tsohon kwano babba da busasshen yashi gauraye da toka a cikin akurki, suka shiga birgima. Da shi suke kakkaɓe ƙwarƙwata, ga shi waje babu busasshiyar ƙasa ko tafin hannu.

Ɗaya daga cikinsu tana kwanci a kan ƙwan zabi. Ba a fi silki naci a kwanci ba, ƙwai ba su cika yi da yawa ba, amma in suka zauna sai an ɗaga su da hannu su ci abinci. Damina ce lokacin ƙwan zabi, ita zabuwa kuwa ba ta iya reno ba, takan ja ƴaƴanta cikin raɓa su ƙare. Ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na zabi sai ya kai 26 zuwa 28, kuma wannan baiwar Allah za ta zauna har ƙarshe. Kwandonta na sa hannu ƙarƙashi na taɓa, a bushe yake.

Bayan magariba maƙwabciyar ta shigo da kanta.

“Yaya, sannu da aiki, Allah ya saka da alheri. Wallahi na cire rai.”

“Amin. Amma gobe zan zo in ga inda kike kwantar da kajinki.”

Ta ce a jikin katangar baya ne, ta jingina kwano ta danne da dutse. Na roƙe ta ta ɗauke su daga nan a daren nan. Katangar ƙasa ce, ta sha ruwa tun farkon wata, kuma a marka gini ba ya sallama kafin ya faɗi. Mu da muka ga tsohon masallacin unguwar Birni, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a ruwan farkon Satumba 2024, ba ma buƙatar a ba mu labari. Ba kaji kaɗai ba, yara ma a hana su wasa a gindinta. Ta ce za ta kwashe su zuwa madafa cikin kwando, Abban yara kuma zai nemo bulo ranar Juma'a.

Na ba ta shawara ta rage wa sauran silkin nata gashin tukku da almakashi daidai gefen ido, su riƙa ganin hanya. Ta yi jim, ta ce ai tukkun ne kyansu. Na ce zai sake tsirowa in sun yi sabon gashi.

Sagarar ta ci tsaki kaɗan kafin isha'i, ta yi kashi mai kyau, ba na jin ƙara a numfashinta. Zan ci gaba da sauraren ƙirjinta kwana biyu, don mura takan biyo bayan irin wannan jiƙewa. Garin katakona ya kusa ƙarewa, gobe in Allah ya kai mu zan aiki autana wurin kafintocin wajen Kasuwar Dole ya cika buhu biyu, ɗaya namu, ɗaya na maƙwabta. Gabas ta sake fara walƙiya, bari in je in duba rariya kafin in kwanta.