Fayafayanmu na gida a talabijin ɗin Kanada

Cikin kayan da muka taho da su Winnipeg har da jaka guda ta fayafayan DVD: finafinan Hausa da na riƙa saya a Kasuwar Ƙofar Wambai, da faifan bikinmu, da na sunan 'yarmu ta fari. A watan Disamba rana kan faɗi a nan tun kafin ƙarfe biyar, sanyi ya kulle kowa a ɗaka, Turanci kuma yana ta cinye bakin yara. Ni da uwargida muka ga ya kamata su riƙa jin Hausa daga bakin wasu ban da mu.

Na'urar da muka saya a nan ta ƙi karɓar fayafayan, domin tsarin hoton talabijin ya bambanta: Najeriya PAL take bi, Kanada da Amurka kuwa NTSC. Sai na koma kwamfuta. Da manhajar MakeMKV nake kwafe faifan, sannan in gyara shi da manhajar HandBrake.

Nan aikin yake. Hoton DVD ɗinmu ɗigo 720 ne sau 576, talabijin ɗin falo kuwa 1920 sau 1080, wato ninki biyar cif. Idan aka baza shi haka nan, fuskoki sai su dushe, duk wanda ya motsa kuma gefen jikinsa ya yi layi-layi kamar haƙoran matsefi. Wannan layin nake fara cirewa, in rage ɗan dusar hoton, in bar shi a siffarsa ta 4:3 (faɗi huɗu, tsayi uku) ko da gefe da gefe za su yi baƙi. Miƙe shi ya cika allo zalunci ne ga fuskar mutane.

Na gwada manhajar ƙirƙirarriyar basira mai ƙara girma da kyan hoto a kan faifan bikinmu. Hoto ya fito tas, amma fuskar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta sauya: tsagar kumatunta ta ɓace, idanun ba nata ba. Manhajar ba ta dawo da abin da kyamara ta rasa, ƙirƙirowa take yi. Na goge, na tsaya a 720p, wato hoto mai tsayin ɗigo 720.

Tsofaffin VCD kam, masu ɗigo 352 sau 288, a waya suka fi kyan kallo.

Yanzu 'yan uwa daga Kano da Damagaram da ke garin nan sukan kawo mini nasu bayan Juma'a. Kowa ina ba shi kwafi biyu, gyararre da na asali, don yawancin fayafayan sun fara karcewa.