Giram huɗu da ɗoriya

Yau da hantsi ina zaune a rumfar wani mai sayen zinariya a kasuwar Agadez, sai ga wani yaro ya shigo, ƙura har cikin gashin ido. Daga Cibarakaten ya sauko, can wajen iyakar Aljeriya. Ya zaro ɗan ƙullin leda daga cikin rawaninsa, ya kwance da haƙori saboda yatsunsa duk sun tsattsage, ya juye a kan sikeli. Giram huɗu da ɗoriya. Ko sikelin bai duba ba, fuskar mai awon kawai yake kallo. Ya ce watansa bakwai a rami, abin da ya rage masa ke nan bayan an cire kason mai rami da kuɗin ruwan da ya sha.

Wallahi sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Haka ni ma na ƙulle tawa a Jado a 2014, shekarar da labarin zinariya ya ɓulla, kowa ya bazama sahara. Na tuna igiyar da ake zura mu da ita, ka ɗaga kai daga ƙasan rami ka ga sama ta koma kamar bakin tulu, kana roƙon Allah kada na sama ya yi gyangyaɗi. Na ce, "Ƙanena, gida za ka?" Ya ce, "A'a yaya, zan aika wa Inna, jibi in koma." Na buɗe baki in hana shi, na kasa, domin amsar da na ba mahaifina ke nan a lokacin. Har na iso gida yatsun nan nasa nake gani.