Fankar Sanyaya PS4 a Zafin Bazara

A shagonmu na wasan gem da ke wani ƙauye kusa da Ringim, watan Afrilu ne ya fi ba mu wahala, domin zafi kan haura digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano, sai PS4 ta yi ta ƙara kamar injin niƙa har ta kashe kanta. Na sayo ƙaramar fanka mai jonin USB daga Kano, irin wadda ake maƙalawa a bayan na'urar don ta zuƙe iska mai zafi. Ta ɗan taimaka, amma a ganina amfaninta bai kai na share ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska ba, da kuma ɗauke na'urar daga tabarma zuwa kan benci, nesa da bango.