Hoto guda a Dotonbori da maganar da Yaya ya yi

Maganar Yaya ba doguwa ba ce, amma har yau tana ci na a rai. Saƙon murya ya ajiye a zauren WhatsApp na gidanmu, inda har surukai suke ciki: "To, mu muna nan muna fama da kayan ɗakin yarinya, wasu kuma suna can Japan suna yawon buɗe ido." Bai kama suna ba. Duk zuriyarmu kuwa ni kaɗai ne a Japan.

Hoto ne ya jawo. Wani abokin karatuna ɗan Indonesiya ya ɗauke ni a kan gadar Ebisu da ke Dotonbori, a tsakiyar Osaka, a bayana ga allon nan na kamfanin Glico mai ɗan tsere ya ɗaga hannuwa sama. Tun 1935 allon yake wurin, ana sabunta shi lokaci-lokaci, kuma kusan duk baƙon da ya shigo garin sai ya tsaya an ɗauke shi a gabansa. Da daddare fitilu ja da shuɗi suna kwanciya a kan ruwan da ya ratsa unguwar, ƙananan jiragen 'yan kallo suna bi ta ƙarƙashin gada, can gefe ga wata ƙatuwar ƙaguwar roba a goshin wani gidan abinci tana motsa ƙafafu. Don Inna na tura. Ita ce ta ce ta gaji da ganin bangon ɗakina, in nuna mata garin da ya riƙe mata ɗa.

Daga kan gadar nan wurin aiki na wuce, ba gida ba. Takardar zama ta ɗalibi awa 28 kacal ta yarda mutum ya yi aiki a mako, ni kuma nawa na dare ne: a tsaye cikin ɗaki mai sanyi, da hula da takunkumi da safar hannu, muna zuba shinkafa da ganye a 'yan akwatunan roba waɗanda za a kai kantunan da ba sa rufewa dare da rana. Ladan awa guda ya haura yen 1,000. A ciki ake fitar da haya, da kuɗin makaranta, da inshorar lafiya wadda dole ce, da kuɗin jirgin ƙasa, da abin da nake turawa gida duk ƙarshen wata ba fashi. Yaya ya sani, domin ta hannunsa kuɗin suke bi.

Ba zan ɓoye ba, ina son garin nan, kuma ina alfahari da yadda na san shi. Yanzu sai in sauka a Umeda, inda tashoshi suka sarƙe da juna a ƙarƙashin ƙasa har 'yan ƙasa suna ɓata, in fita ta ƙofar da nake so ba tare da na duba waya ba. Na san a Osaka dama ake tsayawa a matakala mai tafiya da kanta, a Tokiyo kuma hagu. Baƙi sukan tare ni da taswira a hannu, in nuna musu layin jirgin ƙasa na Midosuji. In na gaji da ɗaki nakan tafi fadar Osaka, tunda shiga lambunta kyauta ne. Toyotomi Hideyoshi, wani babban shugaban mayaƙa na Japan, ya fara gina ta a 1583. Hasumiyar da ake rububin ɗauka a hoto ta baya-bayan nan ce, ginin siminti na 1931, gidan tarihi ne a ciki. Ni ganuwar ce take tsayar da ni. Akwai dutse guda kusa da ƙofar Sakura wanda ake ƙiyasta nauyinsa ya haura tan 100, an jawo shi an kafa a zamanin da babu inji, an haɗa shi da 'yan'uwansa ba ko tazarar da za ka zura hannu. Nakan daɗe a gabansa.

Sauran wuraren da ake zuwa Osaka dominsu, yawanci daga waje na san su. Universal Studios, filin wasanni da shaƙatawa wanda aka buɗe a 2001, tikitinsa ya haura yen 8,000, wato kusan aikin dare guda cur. A jirgi nake ganin masu dawowa daga can da hulunan wasa da jakunkunan tsaraba, yara sun yi barci a kafaɗar iyayensu. Dogon benen Abeno Harukas mai tsawon mita 300 daga ƙasa nake ɗaga kai in kalle shi. Kaiyukan kaɗai na cire kuɗi na shiga, gidan kifayen da ke bakin teku. Ana hawa da kai sama, sannan ka riƙa gangarowa kana kewaya wani makeken tankin gilashi, wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigon fari ya zo ya gifta ta gabanka a hankali, tsawonsa ya fi ƙaramar mota. 'Ya'yan Yaya ne suka faɗo mini a rai a wurin, musamman ƙaramar da take tsoron ko tarwaɗa a kwano. Na ɗaukar musu bidiyo. Yana cikin wayata, ban tura ba, yanzu kuma ban san ko zan tura ba.

Dotonbori kuwa unguwar ci ce, kuma nan ne mutum irina yake sanin shi baƙo ne. Ƙamshi ta ko'ina. Ka tsaya gaban mai takoyaki ka ga aiki: farantin ƙarfe mai ramuka jere, ya kwarara ƙullu ya malale ko'ina, ya jefa gutsuren naman wata halittar teku mai hannuwa takwas a kowane rami, sannan ya ɗauko tsinken ƙarfe biyu yana juya su ɗaya bayan ɗaya da sauri har su dunƙule su yi ja. Layi har bakin titi. Ni sai dai in kalla in wuce, don ban san abin da ke cikin miyar da ake shafawa a kai ba. Girkinsu da wuya ka raba shi da giyar shinkafa ko romon alade, okonomiyaki ma, wainar fulawa da kabeji da suke ji da shi, yawanci da naman alade ake yi. Alhamdu lillahi yanzu ana samun gidajen abinci masu alamar halal, albarkacin baƙi daga Malesiya da Indonesiya, har da ɗakin salla a wasu manyan shagunan Namba, yankin da Dotonbori take. Amma sau da yawa da yunwata nake ratsa titin nan, in je ɗaki in dafa taliya.

Ba wai mutanen ba su da kirki ba. 'Yan Osaka ma an san su da sakin fuska fiye da na Tokiyo. A Tenjinbashi, kasuwar nan mai rufi da ta kai kilomita 2.6, wata tsohuwa ta taɓa tsayar da ni ta tambayi ƙasarmu, ta buɗe jaka ta damƙa mini alewa biyu, ta ce in daure da sanyi. Na yi kwanaki ina jin daɗin abin. Sai dai mutum yakan wuni cikin dubban jama'a ba wanda ya ce masa ina gajiya, ina labarin gida. Sai ranar Juma'a a masallaci nake jin hannun wani cikin nawa. In kewa ta yi yawa nakan hau jirgi zuwa Kobe, tafiyar kamar rabin awa, in yi salla a masallacin da aka gina tun 1935, wanda ya tsira daga ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasar 1995.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dalilin zuwana Namba a ranar da aka ɗauki hoton. Sayayyar auren ƙanwarmu ce ta kai ni, yarinyar da Yaya yake magana a kanta. Na fara da Doguyasuji, ɗan gajeren layin masu kayan girki, na sayo mata wuƙaƙe biyu ƙirar Sakai, garin maƙera da ke kudu da Osaka. Mai shagon ya ɗauko takarda ya zuge ta a iska don in ga kaifin, sannan ya naɗe kowace a kwalinta, ya miƙo mini da hannu biyu. A nan ba a ciniki. Ba irin Kantin Kwari ba ne da za a ce albarka, ka yi kamar za ka tafi a kira ka. Abin da aka rubuta shi za ka ajiye a ɗan tiren da ke gaban mai karɓar kuɗi. Daga nan na taka zuwa Den Den Town, unguwar masu kayan lantarki, neman dutsen guga da tukunyar lantarki, inda na sha yawo, saboda wutar Japan bolt 100 ce, tamu kuwa ta ninka haka har da ɗori. In ka kai na 'yan ƙasa gida ka jona, nan take zai ƙone. Sai ka nemi sashen da aka ware na kayan fita waje, kuma sun fi tsada. A gabana wasu 'yan yawon buɗe ido suka miƙa fasfo aka cire musu harajin kashi 10. Ni mai katin zama ba na cikin wannan rangwamen, na biya cif. Na ƙara da filas ɗin Zojirushi na Inna, saboda kunun asuba da take so da zafinsa. Da ledojin nan a hannu na tsaya a kan gadar. Abokina ne ya ce in ajiye su a ƙasa hoton ya fi kyau.

Ban mayar wa Yaya da martani ba, kuma ba zan mayar ba. Ba a yi wa babba haka a gaban surukai. Na kuma san abin da yake ɗauke da shi. Tun rasuwar Baba gidan nan a wuyansa yake: cefane, kuɗin makarantar ƙanne, maganin hawan jinin Inna, ga nasa iyalin, ga tsadar da kullum sai ta ƙaru. Shi ya sayar da filinsa aka cika mini kuɗin jirgi, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Da wani ne can ya faɗa da ko a jikina.

Inna ta kira ni washegari. Awa 8 ke tsakaninmu, ina fitowa daga aiki da sassafe ita kuma tana shirin kwanciya. Ta ce, "Ka yi haƙuri, yayanka ne, abubuwa ne suka yi masa yawa." Na ce ba komai, Inna. Ta ce hoton ya yi kyau amma na rame, wai ko ba na cin abinci. Sannan ta shiga ba ni labarin biki: an sa rana bayan Babbar Salla, Gwaggo ta ɗauki nauyin gara, dangin ango sun kawo lefe akwati shida, anko kuma har yanzu mata ba su daidaita a kan kala ba. Ina ji ina amsawa, alhali na san ba zan je ba. Kuɗin jirgin zuwa da dawowa ya isa ya yi mata gado da katifa da kujeru, kuma na riga na zaɓa. Yarinyar da na riƙa goyawa a keke zuwa Islamiyya za a kai ta ɗakinta ina nan ina zuba shinkafa a roba.

Kayan suna cikin kwali, na ba wani ɗan Najeriya mai loda kayan gyaran mota a kwantena zuwa Legas, ya ce in Allah ya yarda za su isa kafin biki. Autanmu kuma ya fara damuna da tambayar yadda ake neman makarantar koyon Japananci, wai shi ma nan yake so. Na rubuta masa kuɗin makaranta, da na haya, da na inshora, da awannin da doka ta yarda a yi aiki da abin da ake biya, na ce ya kai wa Yaya su zauna su lissafa tare kafin mu sake magana.