Kafin a ce firjin tirela ya mutu, a auna wutar da ke isa gare shi

Tirela mai ɗaki, irin wadda ake ja da mota a tafi Yankari ko a kwana a cikinta a wurin aikin hanya, ba ta cika yawa a Bauchi ba. Amma ciwonta ɗaya ne da na motocin masu sayar da yogot: batir mai bolt 12, firji, da wayar da ta haɗa su. Abin da aikin rewaya ya koya mana shi ne, a cikin ukun nan firji aka fi ɗora wa laifi, alhali sau da yawa bai ci ba bai sha ba.

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne kullum. Kwamfresa, wato injin da ke sa firjin sanyi, ta ɗauka, ta yi ƙyas, ta tsaya, can an jima ta sake gwadawa. Idan firjin mai kwamfresar Danfoss BD35F ne, kuma an sa masa 'yar fitilar gwaji, ƙiftawa ɗaya na nufin wuta ta yi ƙasa, uku kuma injin ne ya kasa tashi. Daga kamfani an saita ta ta yanke kanta a bolt 10.4, ba za ta dawo ba sai wuta ta kai 11.7.

A fara da batir, amma ba yana kan caji ba. A cire shi, ya huta awa biyu ko uku, sannan a ɗora mitar auna wuta: 12.6 ya cika, 12.2 rabi ne, 12.0 saura kwata. Batirin da ya nuna 12.6 amma ya faɗo ƙasa da 11 da an kunna masa kaya, ya gama aiki, ko da kwalinsa na sheƙi.

A nan ne yara masu koyo suke tsayawa, su ce, "Oga, batir lafiya lau." To, ai ba a kan batir firjin yake shan wuta ba. A kai mitar bayan firjin, a auna daidai lokacin da kwamfresa ke ƙoƙarin tashi. Waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5, idan ta yi mita shida zuwa da shida dawowa, tana cinye kusan bolt 0.7 in firjin na jan amfiya 5, kuma lokacin tashi ya fi haka ja. A sa mai milimita murabba'i 6, asarar ta koma ƙasa da 0.2. Sannan a kankare wayar da wuƙa: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka yi wa fentin kofa, wato jan ƙarfe, asararta ta fi ta kofa da kusan rabi. Kasuwa cike take da ita, kuma araha ba ta ado.

Soket ɗin kunna sigari ba wurin jona firji ba ne, gargada kaɗan ya saki. A ja waya kai tsaye daga batir, da fis mai amfiya 15 kusa da kan batirin. Wayar at, wato ta nagetif, da aka ɗaure a jikin ƙarfen tirela ma a kwance ta a goge tsatsa. Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa, ruwan ɗumi da 'yar kanwa na wanke shi, a tsane, a shafa girisi.

Wani lokacin babu abin da ya lalace, lissafi ne bai fita ba. Batir mai amfiya-awa 100 na ruwa, rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Bauchi da Gombe ke taɓa digiri 40, firji mai jan amfiya 4 kan yi aikin awa 13 ko fiye a kwana guda. Amfiya-awa 52 ke nan, ba a kunna fanka ko fitila ba. Dole a ƙara batir ko a ɗora farantin sola mai wat 200. Batirin tayar da mota kuma ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi haka ba, 'yan watanni zai yi. Kada a manta da rile, wato makunnin da ke raba batirin mota da na tirela in an kashe mota, in ba haka ba firji ya kwana yana shan na motar, da asuba sai turi.

Ƙurar hunturu tana toshe ragar da ke fitar da zafi a bayan firjin, kwamfresa ta yi ta aiki ba hutu. Burushin fenti busasshe ya isa, sannan a bar masa tazarar tafin hannu daga bango. Sai an bi duk waɗannan, mita ta nuna sama da bolt 12 a bayan firjin, kwamfresa na juyawa amma ba sanyi, sannan ake kiran mai zuba gas.