Tukunyar da na sayo, da wadda ta tsage

Ƙannena 'yan makaranta, yau abin kunyata zan ba ku labari, don jiya na ga wani yaro a layinmu yana neman wanda zai yi mashi asaimen a ba shi kuɗin data sai na tuna kaina.

Muna aji ukku na ƙaramar sakandare nan Argungu malamin zane-zane ya ce kowa ya gina tukunya da hannunshi, sati ukku ya ba mu. Ni lokacin ji da kai ya yi mani yawa, gani nake ginin tukwane aikin tsofaffin mata ne, ina ni ina taɓa laka. Ranar da za a kai aiki na biya kasuwa na sayi 'yar tukunya na shafa mata ƙasa wai don ta yi kama da aikin ɗan koyo. Malam ya ɗauka ya ƙwanƙwasa ta, ta yi ƙara ras, ya ce to madalla, mi ka haɗa da yumɓun? Na yi tsuru-tsuru. Wallahi ban ma san ana haɗa shi da komi ba. Ajin nan kaf sunka fashe da dariya, bai buge ni ba, cewa kawai ya yi in je in dawo da tawa ko da karkatacciya ce.

Haka na tafi gidan wata tsohuwa maginiya a bayan unguwarmu, na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ɗan nan, boko ya koro ka wurin laka? Ita ta nuna mani yumɓu ba a ɗebo shi daga fadama a hau gini, sai an jiƙa shi ya kwana, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a daka tsingaron tsohuwar tukunya ya yi gari a zuba, a tattake da ƙafa har ya haɗe, wannan garin shi ke hana ta tsagewa in ta ji wuta. Ta ce in ajiye ta inuwa ta sha iska a hankali. Ni kuwa sauri nake, ta juya baya na fitar da ita rana, ga hunturu ana busawa. Da la'asar na tarar ta tsage tun daga baki har gindi, don waje ya bushe ya tsuke ciki na nan danye. Inna ba ta yi faɗa ba, ta farfasa ta cikin ruwa ta ce ai tunda ba ta shiga wuta ba yumɓu ne har yanzu, sake.

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu, irin wannan sayen tukunyar shi na yi ta yi a darasin adabi har na gama sakandare kuma can ba wanda ya kama ni da wuri. Littafin da anka ce mu karanta ban taɓa kai shi ƙarshe ba, sai in ari not ɗin abokina in haddace, jigo kaza, salo kaza, zubi da tsari kaza. In malama ta ce a karanta baiti da ƙarfi sai in sunne kai, alhali waƙa in ba ka rera ta da bakinka ba ba za ka ji inda amsa-amo ke faɗuwa ba, ni dai na san ƙwar biyar ɗango biyar ne, shi ke nan ilimina. Ranar jarabawa anka kawo baiti biyu anka ce fito da salon da ke ciki ka kafa hujja, nan not ya ƙare, na rubuta abin da na haddace wanda bai da alaƙa da tambayar. Ɗan Bahaushe, a Hausa, da ƙyar na tsallake.

To ku da ke ciki yanzu, littafin nan ku karanta shi da kanku ko shafi biyar ne bayan isha'i, in kun ci karo da kalmar da ba ku sani ba ku tambayi kakanninku kafin ku tambayi waya, sau da yawa su sunka fi saninta. Ku rera waƙar ko muryarku ta yi ta kwaɗo. In kuma an ba ku aikin hannu kar ku raina mai sana'ar, ku ciro naira ashirin ku duba bayanta, matar da ke jiki tana gina tukunya Ladi Kwali ce, laka ta kai ta nan.

Tukunyata ta biyu kwana shidda ta yi a inuwa, Inna ta sa ta cikin nata gashin da kara da ciyawa. Ta fito da baki a karkace, gefe guda ya yi baƙi, malam ya ba ni maki shidda cikin goma. Tana nan gidanmu, tsohuwata gishiri take zubawa ciki.