Tsohuwar motata da gishirin Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa.

Ƙanena ne ya kira ni kwanan baya, murya cike da murna, ya ce Allah ya nufa ya sayi ƙaramar mota 'yar Kwatano. Ban gama yi masa addu'a ba sai ya ce gobe zai kai ta gareji a cire tamostat, abin nan da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, don an ce masa wannan kayan ƙasar sanyi ne. Na roƙe shi ya dakata. Amsar da na fara rubuta masa ce ta yi tsawo, na ga gara in buɗe ta ga kowa, tun da masu irin motarsa suna da yawa.

Tawa motar Toyota Yaris ce ƙirar 2004, mai ƙofa biyar har da ta but, injinta lita ɗaya. Ita ce ta gaji Starlet a 1999, Starlet ɗin nan da mutanen Yamai suka sani a tasi. A Japan sunanta Vitz, kuma a 2000 ita aka zaɓa motar shekara a Turai. Agogon gudunta a tsakiyar dashbod yake, kujerar baya kuma tana zamewa gaba idan kana son wurin kaya. Shekara tara ke nan tana kai ni aikin dare a nan Bamingham tana dawo da ni da asuba, ta kai yara makaranta, ta ɗauko buhun shinkafa.

A hannun wata dattijuwa na saye ta, wadda idanunta suka fara rauni ta daina tuƙi. Da muka gama ciniki sai ta shiga ɗaki ta fito da wata jakar takardu ta miƙo min da hannu biyu. Rasit ne na duk abin da aka taɓa yi wa motar, an jera su bi da bi: ranar da aka yi juye, mil nawa ta yi a lokacin, wane mai aka zuba, yaushe aka canza batir. A littafin sabis kowace shekara da hatiminta. Na zauna a mota na karanta su kafin in tayar da ita, kuma daga ranar na ɗora daga inda ta tsaya. Yanzu jakar ta ninka kaurinta. Duk lokacin da wani abu ya fara ƙara, kafin in je wurin makanike sai na buɗe ta, sau da yawa kuma amsar tana ciki: abin ya kai shekarunsa ne kawai.

Babban abokin gabar mota a nan gishiri ne. Da hunturu ya shigo, manyan motoci ke bi suna watsa shi a kan titi don kada ƙanƙara ta kama, tayoyi su kwashe shi da ruwa su fesa wa ƙasan mota. Fenti yana ƙyalli a sama, ƙarfe yana cinyewa a ƙasa. Abin da ke tona wannan shi ne gwajin da suke kira MOT, wanda doka ta wajabta wa duk motar da ta kai shekara uku, sau ɗaya a shekara. Kuɗinsa ba ya wuce fam 54.85, amma wanda aka kama yana tuƙi ba tare da shi ba tararsa tana iya kai fam 1,000. Ana duba birki, fitilu, sitiyari, hayaƙi, bel ɗin kujera, da zanen taya, wanda zurfinsa bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba. Sakamakon kowace shekara yana intanet, da lambar mota kawai kowa zai ga tarihinta da mil ɗin da ta yi. Wannan ya sa mayar da mita baya yake da wuyar ɓoyewa.

Shekara huɗu da suka wuce ta faɗi gwajin. Mai dubawar ya ɗaga ta sama, ya kira ni in zo in gani da idona. Ya haska fitila a gefen ƙasa, gaban tayar baya, ya danna da babban yatsa, sannan ya ƙwanƙwasa da 'yar gudumarsa. Ƙarfen ya ruguje kamar busasshen ƙanzo, jan gari ya zubo masa a hannun riga. Ƙa'idarsu ita ce idan tsatsa ta ci ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure bel ɗin kujera ko ƙafar mota, to ta faɗi. Na tsaya ina kallon ramin, ina tuna cewa a daidai saman nan 'yata take zama. Abokan aiki suka ce in kai ta wurin masu gwangwan in huta, don kuɗin walda ya kusa kuɗin motar. Na yi lissafi da biro. Wata motar da zan saya da wannan kuɗin ban san cutarta ba, wannan kuwa na san ta ciki da bai. Aka yanke ruɓaɓɓen, aka liƙa sabon ƙarfe, aka shafe da maganin tsatsa. Tun daga nan, da sanyi ya wuce nake wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi.

Dokar hayaƙi ma ta zo. A watan Yunin 2021 Bamingham ta fara karɓar fam 8 kullum daga motocin da hayaƙinsu bai cika ƙa'ida ba idan suka shiga tsakiyar gari, a Landan kuma fam 12.50 ne. Na saka lambarta a shafinsu gabana yana faɗuwa, ta tsallake. Tukunyar tace hayaƙin nan ta jikin salansa, wadda makanikai a gida suke kira indomi, tana nan yadda ta fito daga kamfani.

To, ga abin da nake so ƙanena ya ji. Tamostat ƙofa ce da ke rufe ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kusan digiri 80, sannan ta buɗe ruwan ya zagaya lagireto. Idan aka cire ta, injin yana daɗewa bai ɗumama ba, na'urar motar tana ganin har yanzu da sanyi, sai ta riƙa ƙara fetur. Ka sha mai, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa ci a hankali. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ce ta maƙale, sai a sa sabuwa. Kuma abin da ke toshe lagireto sau da yawa ruwan rijiya ko na burtsatse ne da muke ɗurawa. Yana barin farin dutse kamar na cikin buta, yana kawo tsatsa. Ruwan lagireto mai launi yana hana tsatsa, yana kuma jure zafi fiye da ruwa zalla.

Baƙin mai shi ne na biyu. Ƙananan injinan Toyota irin na motata, waɗanda ake kira VVT-i, da matsin mai suke aiki, ta hanyoyi sirara. Littafin tawa ya yarda da 5W-30, shi nake zubawa, kuma ba na wuce shekara ban yi juye da sabon filta ba. A gida kusan kowace mota 20W-50 ake ba ta, don an saba da shi tun zamanin 504. Ka duba littafin motarka, ka bi abin da ya ce. Ƙurarmu ta hunturu kuma tana yi wa inji abin da gishiri yake yi wa bodi a nan, don haka filtar iska ta fi buƙatar ido a Kano fiye da Bamingham. Ka tambaya ko tayimin ɗin injinka da sarƙa yake ko da bel. Na Yaris sarƙa ce, na Golf 3 da Starlet bel ne, shi kuwa ana canza shi tun kafin ya tsinke. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta bushe.

Kada wani ya ɗauka ina raina makanikanmu. Wallahi ina kewarsu. A nan awa ake biya, don haka abu ya lalace sai a jefar a sa sabo. Wanda zai buɗe kik ya gyara shi, ko ya sake naɗa wayar altaneta, kamar yadda ake yi kullum a Ƙofar Ruwa da Panteka, sai ka sha nema. Hannu muna da shi. Abin da na gani a wurin dattijuwar nan da ban saba gani a gida ba shi ne rubutawa, da zuwa gareji alhali mota lafiyarta lau.

Wasu sun ce idan na gama da ita in turo musu. Ba zai yiwu ba, sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma bin hannun dama tun 1972. A nan za ta ƙare kwananta. Mai waldar ya ce min ɗaya gefen ma ya fara, wataƙila ya kai shekara biyu. Gwajinta na gaba a watan Maris ne, na riga na fara ajiye kuɗin ƙarfen.

A gaishe min da Hajiya da duk mutanen gida.

Ɗan uwanku,
daga Bamingham